Garkar cikin gida a Tahoua: rajistar aiki daga ƙarshen ɗari zuwa bakin bazara

14 ga Janairu

Filin yana bayan ɗakuna, tsawon mita 8, faɗin mita 6. Katangar siminti ta tsare shi ta yamma da kudu, gabas da arewa kuwa a buɗe suke. Yau ba a taɓa hauya ba, ruwa aka fara aunawa, don a garin nan ruwa ne ke yanke girman garka.

A wannan sanyin, fangali na shan lita 5 zuwa 6 a rana a kowace mita murabba'i. Idan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, iska ta bushe ƙarau, abin kan kai lita 9 zuwa 10. Da adadin Afrilu ake lissafi. Wanda ya yi da na Janairu zai ga garkarsa kore shar a Fabrairu, sannan ya tsaya yana kallonta tana ƙonewa daidai lokacin da famfo ke ɗaukewa da rana, 'yan garuwa kuma suka ƙara kuɗi.

Abin da gidan zai iya warewa kullum ba tare da an taɓa na sha da girki ba shi ne bido 6 masu lita 25, wato lita 150. An raba da 10, ya ba da mita murabba'i 15: fangali biyar ke nan, kowane mita 1 a faɗi, 3 a tsawo. Zanen farko fangali takwas ne, an soke uku. Sauran filin ya tafi ga hanyoyi masu faɗin santimita 50, ramin taki, layin zogala, da mazaunin duro biyu masu lita 200, waɗanda za su riƙe garkar kusan kwana uku in ruwa ya yanke.

An kafa turaku a bakin inuwa da ƙarfe 8 na safe, da tsakar rana, da ƙarfe 4. Inuwar katangar kudu tana da faɗi yanzu, amma ruɗi ce. Rana tana karkace ta kudu a watannin sanyi, wajen ƙarshen Afrilu za ta dawo tsakar ka, daga nan ta koma ta arewa har tsakiyar Agusta. Lokacin da aka fi buƙatar inuwar, babu ita. Ta katangar yamma ce abin dogaro, tana rufe fangali biyu daga la'asar. An bar mita guda tsakaninta da fangali na farko saboda hucin siminti.

17 ga Janairu

Zaɓen abin shukawa. Gardama ta fi yawa a kan tumati, kuma an cire shi. In aka zuba iri yau, zai yi kwana 25 zuwa 30 a reno, ya ƙara kamar wata guda bayan dashe kafin fure ya yi yawa. Furen zai faɗo daga tsakiyar Maris, lokacin da zafin rana ya wuce digiri 35, dare ma ba ya hucewa. A irin wannan yanayi fure zubewa yake yi, ka sami ganye ɗibge babu 'ya'ya, ga farin ƙuda da ke kawo cutar nannaɗewar ganye. Tumatin da ke cika kasuwa yanzu tun Oktoba da Nuwamba aka zuba irinsa.

Albasa ma haka. 'Yar Galmi tana son kamar kwana 45 a reno da wata huɗu a fangali, shi ya sa mutanen Galmi da Madawa da kwarin Maggiya ke dashe da shigowar sanyi, su cire a Maris da Afrilu. Ta Janairu ba za ta yi kan kirki ba. Abin da za a yi, a bizne ƙananan kawuna a gefen fangali don lawashi. Shu, wato kabeji, da karoti an bar su sai baɗi. Shu ɗin ƙarshen sanyi abincin tsutsa ne kawai.

Na sanyi guda ɗaya aka bari: salati, zagaye ɗaya tak, irin Maya da ke jure zafi fiye da waɗanda aka saba. Sauran duk masu son zafi ne. Kuɓewa ta samu fangali biyu, irin Ƙonni. Alayyafo fangali ɗaya da za a riƙa shukawa kashi-kashi. Lalo da yakuwa sun raba na biyar. Gauta gindi shida a wajen fangali, zogala gindi takwas a layin gabas.

19 ga Janairu

An zuba irin salati da na gauta a tsofaffin robobin wanki biyu da aka huda ƙasansu. Haɗin ƙasar: kashi biyu rairayi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe. Layi-layi, tsakani santimita 8, zurfi bai kai rabin santimita ba. Irin salati in ya nutse ba ya fitowa. An ɗora robobin a kan bulo, an rufa tsohon gidan sauro.

An kuma fara gwajin sauran iri don ganin nawa za su tsiro. Ƙwaya 20 daga kowane, a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a sa a leda da baki a buɗe, a ajiye kusa da madafa inda ke da ɗumi.

23 ga Janairu

Haƙa. An tona ramin gwaji biyu masu zurfin santimita 30 aka cika su da ruwa. Na tsakiyar fili ya tsotse cikin minti 10, rairayi ne zalla. Na kusurwar arewa bayan awa uku ruwa na kwance, da aka duba sai ga shimfiɗar marmara a ƙasa. Ƙasar Adar ke nan, taku biyar ya ishe ta canja hali. An fasa wurin da diga har santimita 45, an kwashe tsakuwa baro huɗu aka zuba a hanyoyi.

Fangalin rani a ƙasa yake zama, ba a tudu ba. An bar fuskarsa santimita 10 ƙasa da hanya, an ɗaga gaɓa a kewaye, don ruwa ya tsaya inda aka zuba shi, iska kuma ta wuce ta sama. Dabarar tassa ce, wato shuka a ƙananan ramuka masu tare ruwa, da manoman wajen Illela suka farfaɗo da fako da ita, an dai faɗaɗa ramin. Da damana za a juya tsarin. Muhimmin abu shi ne daidaita fuskar da manjagara har ta yi bai ɗaya: a zuba bokiti guda a tsakiya a kalli inda ruwan ya nufa. Fangali na uku sau biyu aka sake shi.

Kowane fangali ya samu bokiti uku na tsohon takin awaki, kimanin kilo 15, da takin zamani 15-15-15 giram 90. Babu sikeli, sai aka yi da murfin kwalbar lemo, wanda ke ɗaukar kusan giram 6: murfi 15 a fangali. An cuɗa da ƙasar sama santimita 20. Tsohon taki ana gane shi a hannu. Baƙi ne, yana marmashewa, ba ya wari, ba ya ɗumi. Ɗanyen da aka kwaso daga turken gida bai shiga fangali ba, don yana ƙona saiwa, yana kawo irin ciyawa da gwazarma. Shi aka kai rami: mita 1 kowane gefe, shimfiɗar kara da busasshen ganye taƙi ɗaya, taki rabin taƙi, barbaɗen toka, ruwa arozuwar biyu, a maimaita har ya cika. An soka sanda a tsakiya don jin zafi.

Daga yau za a riƙa ba fangalin ruwa babu shuka, ciyawar da ke ciki ta fito a cire ta tun ba ta da abokin rigima.

27 ga Janairu

Sakamakon gwaji: kuɓewa 17 cikin 20, yakuwa 16, alayyafo kusan duka, zogala 14. Lalo 6 kacal. Ba lalacewa ya yi ba, ɓawonsa ne ke da tauri. An ƙulle wani a tsumma aka tsoma a ruwan da aka sauke yana tafasa, daƙiƙa 10, aka mayar cikin ruwan sanyi, aka sake gwaji. Akwai wani ƙunshin irin albasa na shekaran bara da aka haɗa don gani, 3 suka tsiro. Irin albasa ba ya ajiyuwa, a zafin ɗakunanmu shekara guda ta ishe shi.

A reno an samu ɓarna. Kamar kashi ɗaya cikin uku na salati ya kwanta, in ka duba gindin sai ka ga ya tsuke ya yi ruwa-ruwa kamar an murje shi da farce. Dalili biyu ne: an zuba irin da kauri, kuma ana ba shi ruwa da magariba, ya kwana a jiƙe cikin sanyi. An cire waɗanda suka kwanta da ƙasar gindinsu, an rage sauran har yatsa na shiga tsakani, an barbaɗa busasshen rairayi. Ban ruwa ya koma safe kaɗai.

31 ga Janairu

Shinge. Gabas da arewa an kafa darnin karan gero mai tsayin mita 1.8, ginshiƙi kowane mita 2. Ba a matse shi ba da gangan. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, kuma shingen da ya toshe gaba ɗaya iska kan tsallake shi ta faɗo da ƙarfi a bayansa. Wanda ke tace ta ya fi. Ƙasan an bi shi da ragar waya mai ƙananan ido, santimita 60 a sama, 10 a bizne, saboda kaji.

Lalon da aka tsoma a ruwan zafi: 15 cikin 20.

9 ga Fabrairu

An dasa salati da la'asar sakaliya, yana da ganye huɗu zuwa biyar. Tsakani santimita 25, layi huɗu, gindi 48. An jiƙa robar awa guda kafin cira don ya taso da ƙasarsa, kuma ba a bizne zuciyar ba. An jingina karare a sama don inuwar kwana uku.

Sandar ramin taki da aka zaro ba ta riƙuwa a hannu don zafi. An juya, na gefe ya koma tsakiya, an ƙara ruwa har in ka matse dunƙule yana ɗan tsatsafowa ba ya ɗiga.

12 ga Fabrairu

Gindi 11 sun ɓace, saura kututture. Ba tsutsa ba ce, don babu kashinta, kuma da rana aka ci. An zauna gadi da hantsi, sai ga ƙadangaru suna saukowa daga katangar kudu ɗaya bayan ɗaya, jan gwada a gaba. A rani ɗanyen ganye ruwan sha ne a wurinsu. Ragar kaji ba ta hana su komai. An lanƙwasa ƙarafa huɗu a kan fangalin aka ja gidan sauro, aka danne gefe da duwatsu. An cike gurbin da ragowar reno. Kullum a bar kashi ɗaya cikin biyar a reno saboda irin wannan.

An shuka kashin farko na alayyafo, mita guda daga cikin uku. Irin ƙanana ne ƙwarai, sai aka gauraya rabin murfi da rairayi cikin gwangwani guda, aka zuba a layi tsakani santimita 20. Kashi na biyu bayan kwana 10, na uku bayan wasu 10, don kada ya nuna rana ɗaya gida ya rasa yadda zai yi da shi.

18 ga Fabrairu

Dare ya fara sassautawa, ruwan duro da asuba ba ya cizon hannu. Wannan aka jira don kuɓewa. A ƙasa mai sanyi takan yi sati biyu ba ta fito ba, in ta fito ta tsaya cak. An jiƙa irin kwana ɗaya, an zubar da wanda ya taso saman ruwa. Rami tsakani santimita 40, layi biyu tsakani 50, ƙwaya uku a rami, zurfin gaɓar yatsa. Rami 14 a fangali, 28 duka.

Lalo da yakuwa ma sun shiga. Zogala irin PKM-1 ce, wadda ta zo daga Indiya, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa ta. Rami santimita 40 kowane gefe, rabin bokitin taki, ƙwaya biyu, tsakani mita guda. Ruwanta ba ya cikin lita 150 ɗin. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da ganye ake tarawa a bokiti a kai mata. Na wanki mai omo ba ya shiga garka ko kaɗan. Gishirin cikinsa yana taruwa ya yi farin ɓawo a saman ƙasa, kuma babu ruwan sama da zai wanke shi kafin Yuli.

26 ga Fabrairu

Kuɓewa ta fito a rami 25. Ukun da suka ƙi an tona, babu ƙwayar, tururuwa ta kwashe. An sake shukawa, an bi layinsu har gida aka zuba ruwan zafi. Alayyafon farko ya fito a cunkushe ta gefe ɗaya, ɗayan gefen fayau: bakin arozuwar ya faɗi aka yi ban ruwa babu shi, ruwan ya kwashe irin ya tara wuri guda. An ɗaure bakin da waya.

2 ga Maris

An dasa gauta a kewayen tulu biyu. Tulun ƙasa ne marar shafe, mai kamar lita 10, an bizne shi har wuya, an rufe baki da fasasshen kasko, gindi uku a kewaye tsakani taƙi ɗaya da rabi daga jikinsa. Kafin a saya a gwada: a cika shi a ajiye a inuwa, in bayansa ya yi gumi cikin awa guda zai yi aiki. Wanda ya ƙone sosai a wuta ba ya tsatsafa. Satin farko ana ƙara ruwa ta sama har saiwa ta kamo tulun.

An rage kuɓewa zuwa gindi ɗaya a rami, da almakashi, ba da tuge ba, don kada a girgiza wanda aka bari. Sannan aka shimfiɗa ƙaiƙayin gero da ɓawon gyaɗa kaurin yatsa uku, an bar sarari kewayen kowane gindi. Za a ce wannan kiran gara ne. Gaskiya ne tana zuwa, amma busasshen abu take bi, kuma ramukan da take yi ruwa ke bi ya shiga ƙasa. Shukar da ta sha ƙishi ita gara ke kamawa. An dai barbaɗa toka da ganyen bedi, wato dogon yaro, a gindi.

9 ga Maris

Ganyen saman kuɓewa ya fara murɗewa, ƙasansa cike da darɓa, cinnaka na hawa da sauka. Gauta kuma ganyenta ya yi ɗige-ɗige fari kamar an watsa masa gari. An kakkaɓe ganye a kan farar takarda, sai ga jajayen ɗigo suna tafiya: jan gizo-gizo. Ƙura da bushewar iska ke kawo shi, kuma shi ne babban maƙiyin gauta da tumati a wannan lokaci. Yawancin magungunan ƙwari na kasuwa ba sa kashe shi, sai ma su kashe ƙwarin da ke cinsa ya ƙara yawa. Balle waɗanda ake sayarwa a ƙulle babu takarda. A garkar da ake tsinkar ganyen miya kullum ba su da wuri.

Abin da aka yi: 'ya'yan bedi busassu, an ɓare, an daka ƙwayar giram 250, an jiƙa a lita 5 ya kwana, an tace da ɗankwali ninki biyu, an narka ɗan guntun sabulun wanki fari don ya kama ganye. Feshi da magariba, ƙasan ganye aka fi bi, don rana tana kashe ƙarfin maganin. Ba a ajiye ragowa, kowane sati sabo, sau uku a jere. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, saboda haka kada a duba washegari a ce bai yi ba. Gauta kuma kowace safiya ana wanke ƙasan ganyenta da ruwa, an cire ganyen da suka fi lalacewa an ƙone.

14 ga Maris

An yanki alayyafon farko, kwana 30 da shuka, an bar taƙi guda don ya sake toho. Bayan yanka an narka takin yuriya murfi biyu a arozuwar guda aka zuba, aka bi da ruwa zalla don wanke ganyen.

Ruwan da ake zubawa yanzu lita 120 ne a rana, biyu bisa uku da asuba, sauran bayan la'asar. Fangalin da ke da shimfiɗa in ka tura yatsa da azahar akwai laima, na lalo da ba shi da ita ya bushe har gaɓa biyu. An shimfiɗa masa. An kafa rumfa a kan alayyafo da lalo, tsayi mita 1.8, karare a jere da tazara yadda rabin rana ke ratsawa. Kuɓewa ba ta so, an bar ta a fili. Zogala ta kai gwiwa, in ta kai santimita 60 za a tsinke kanta don ta yi rassa.

21 ga Maris

An cire salati duka. Gindi 40 suka kai, 6 sun fara miƙa kai za su yi fure, ganyensu ya yi ɗaci. Da an ƙara sati guda da duk sun bi.

Wajen cirewa an ga abin da ba a so. Gindi tara na gefen arewa, waɗanda dama suka tsaya ƙanana suna yaushi da rana ko an ba su ruwa, saiwarsu duk ƙulli-ƙulli ne kamar carbi. Tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani, kuma rairayi mai ɗumi gidanta ne. Tana son kuɓewa, tumati da gauta fiye da salati ma, don haka tunanin ƙara kuɓewa a wannan fangali ya faɗi. An tono saiwoyin duka an ƙone, ba su shiga ramin taki ba, an wanke hauya da shebur kafin su taɓa wani fangali.

Zafin da ke tafe shi za a sa aiki ya kashe tsutsar. Za a kafce fangalin, a cuɗa masa bokiti biyu na takin rami da tunkuzar bedin da aka tace, a jiƙa shi sosai har santimita 30, a rufe da farar leda mai ganin ciki, ba baƙa ba, a bizne gefenta kada iska ta shiga. Daga 1 ga Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, sati shida. Lita 30 da wannan fangali zai ci a rana ta koma ga kuɓewa, wadda ta fara ƙunshin fure, ana sa ran tsinkar farko wajen 10 ga Afrilu, daga nan kowane kwana biyu.

Renon tumatin damana an sa shi 20 ga Mayu, a ƙarƙashin rumfa cikin gidan sauro, irin Mongal ko Icrixina, wanda aka samu a rufe da kwanan wata a jiki. Dashe bayan tsakiyar Yuni, a kan kunya mai tsayin santimita 20. Kafin nan sai an tuge gindin kuɓewa ɗaya daga kowane fangali an duba saiwarsa.